Ƙulli Ɗaya, Ƙwallo Ɗaya

Ku matso, ku da kuka ce a koya muku saƙar raga kafin Juma'a. Na ji abin da kuke faɗa a bakin fili, kunnena bai mutu ba tukuna. Kun ce ai zare ne da ƙulli, yini ɗaya ya isa. To, kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara. Ni ban taɓa riƙe biro ba, faɗa nake ana rubutawa, don haka abin da za ku ji ba daga littafi ya fito ba, daga yatsun nan goma ya fito. Sunana Gambo, amma a filin ƙwallon kwando na makarantar 'yan mata a nan Haɗeja, Inna Mai Raga ake ce mini. Kafin ku taɓa allura sai kun ji yadda ragar kifi ta zama ragar ƙwallo, da yadda filin nan da kuke tsalle a kai ya kusa zama mashanyar shinkafa.

Komar farko da na saƙa, wato ƙaramar ragar kamun kifi, sau uku ubana ya kwance ta. Masunci ne, a wani ƙauye na bakin fadama, kuma ba shi da ɗa namiji da zai bar wa allura, sai ya miƙa mini. Allurar ta itacen magarya ce, shi ya sassaƙa ta, ga ta nan har yau, gumi ya mai da ita baƙa. Tare da ita akwai ɗan itace mai faɗi da ake naɗa zare a kai don kowane ido ya fito daidai da ɗan'uwansa. Kayan aikin ke nan, sai wuƙa, sai babban yatsan ƙafa da ake maƙala bakin saƙar. Na kwana goma sha biyu a kan komar nan. Ya karɓa, ya zura yatsa biyu a ido na farko, suka shiga daidai. Ya zura a na tsakiya, uku suka shiga. Ya kama bakin zare ya ja. Sau uku haka. A na huɗu ya ce, “Yau kifi zai ji tsoronki.”

Abu uku ya koya mini. Ido ya zama ɗaya. Ƙulli kada ya zame, ko a jiƙe ko a bushe. Na uku shi ne wanda mutane ba su sani ba: ba a yar da tsohuwar raga sai an karanta ta. Yakan shimfiɗa yagaggiya a ƙasa ya ce in faɗi abin da ya kashe ta. In wuƙa ce, bakin zaren a miƙe yake tas. In ɓera ne, za ka ga tauna. In ruwa ne ya ruɓar da ita, hanci zai gaya maka kafin ido. In kuwa aiki ne ya cinye ta, zaren sirancewa yake a hankali, ya yi gashi-gashi, ya yi sheƙi, sannan ya tsinke. “Wadda aiki ya cinye,” in ji shi, “ita ce ta mutu da mutunci. A rataye ta, kada a jefar.” Duk 'ya'yan masuntan ƙauyenmu an koya musu wannan karatu. Ku riƙe maganar nan, za mu dawo kanta.

Wani taru da na yi wa wasu masunta uku 'yan gida ɗaya shi ne aiki mafi girma da na taɓa kamawa. Damina guda na yi a kansa, da zaren auduga, muka dafa ruwan bagaruwa muka tsoma shi don kada ya ruɓe da wuri. Babbansu ya zo duba aiki ya ce, “Gambo, ƙanƙanta idon mana, ƙananan na zillewa.” Na ce, “In ka kama jikan kifi bana, baɗi wa za ka kama?” Ya ce ni mai saƙa ce ko Sarkin Ruwa? Na ce mai saƙa ce, kuma itacen awona ɗaya ne, ban da wani. Ya yi fushi ya tafi, ya dawo bayan kwana biyu. Masu sayen raga haka suke. Kowa so yake ta kama duk abin da ke cikin kogi, kuma kada ta yage.

Sannan duniya ta juya. Ragar inji ta shigo kasuwa dami-dami, fara sol, ba a tsoma ta a bagaruwa. Ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa, inda kwalekwale ke wucewa ya zama duhu. Masunta suka ragu, waɗanda suka rage suka koma ta inji. Na dawo cikin gari wajen ɗana, allurar da ta saƙa taru ta koma saƙa ragaya, wadda mata ke rataye ƙwarya a ɗaka don kada kyanwa ta sha nono. Ban raina ba. Aiki ne. Amma mai saƙar taru in tana saƙa ragaya, yatsunta sun san bambanci.

Wata ranar kasuwa wata doguwar mata ta tsaya a kan tabarmata. Malama Saratu ke nan, mutuniyar Filato, ita ke koyar da wasanni a makarantar 'yan mata. Ta ɗaga ragaya ta juya ta, ta ce, “Mama, kin iya yin irin wannan babba? Guda biyu nake so. Za a rataya a zoben ƙarfe a riƙa jefa ƙwallo ciki.” Ta miƙo mini igiya wadda ta auna zoben da ita, ta ce ƙugiyoyi goma sha biyu ne a jikinsa. Na ce ta dawo jibi. A raina na ce abin da zai tari ƙwallo ai sai ya yi ƙarfi. Na zauna na yi mata aiki na gani na faɗa, kunnuwa goma sha biyu, ido daidai, da na kai ƙasa na tattara zaren na ɗaure shi da ƙullin da nake ɗaure bakin koma, wanda ko giwan ruwa ba ya ɓallewa.

Ni da kaina na kai, don in ga inda aikina zai zauna. Filin siminti ne, turken ƙarfe a kowane gefe, allo a sama, zobe tsirara. 'Yan mata bakwai ne kawai a wurin, da dogayen wanduna da ƙananan hijabai, 'yan kallo kuwa awaki uku. Aka hau tebur aka rataya. Wata siririya mai dogayen ƙafafu, Hauwa, wadda suke kira Zalɓe, ta ɗauki ƙwallo ta jefa. Ta shiga. Ƙwallon ta zauna daram a cikin raga, ba ta fito ba.

Sai dariya ta ɓarke. Zalɓe ta ce, “Malama, Inna ta kamo mana tarwaɗa! A kawo tukunya!” Sai da aka samo gora aka zungure ta.

Malama ta rufe baki da hannu, ta ce, “Mama, laifina ne, ban gaya miki ba. A buɗe ake barin ƙasan.”

Na ce, “A buɗe? To ina amfanin ragar da ba ta riƙe komai?”

Ta ce, “Shaida ce. In zobe ba raga, ƙwallo ta wuce, wannan ta rantse ta shiga, waccan ta rantse ba ta shiga ba. Shekaranjiya rabin lokacin wasa a musu ya ƙare. In raga ta motsa, magana ta mutu.”

Na karɓi ragata na sa wuƙa na yanke ƙullin. Tun da nake ban taɓa huda raga da gangan ba sai ran nan.

Kada ku ɗauka daga nan aiki ya ƙare. Ta biyu na buɗe ta da yawa, ƙwallo ta wuce raga ko gezau, musu ya dawo. Ta uku na matse ta, ƙwallo ta maƙale a wuya. Sai a ta huɗu na gane abin da ake so. Ta yi faɗi a sama, ta tsuke a hankali, ta riƙe ƙwallon ƙiftawar ido ɗaya, kowa ya gani, sannan ta saki. Kamar gaisuwar hanya, a riƙe hannu a sake shi. Wannan tsukewar ba a auna ta da itace, a yatsa take. Ita ce kuka ce za ku koya kafin Juma'a.

Ƙidaya kuwa ba don wasa na fara ta ba, don zare na fara ta. Ina da zare iri uku, na auduga, na roba, da wanda ake zarewa daga tsohuwar taya, ina so in san wanne ya fi jure duka. Masunci yakan ce ragarsa ta yi damina biyu. To ƙwallo fa, da me za a auna? Sai na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar bakin fili kowace la'asar, da igiya a cinyata. Ƙwallo ta shiga, in yi ƙulli. Ƙulli ɗaya, ƙwallo ɗaya. Haka na gano auduga tana da daɗin motsi amma rana na cin ta, na taya ya fi ƙarfi amma yana kartar ƙwallo, na roba in aka murɗa shi uku-uku shi ne daidai.

Ran nan Zalɓe ta zo ta durƙusa tana haki ta ce, “Inna, cikin ƙulle-ƙullen nan, guda nawa ne suka fito daga hannuna?” Na ce ban raba ba. Ta ce, “Haba Inna. A waya muna ganin matan da ke buga wa ƙasarmu, da na ƙasashen waje, kowace an rubuta abin da ta ci tun ranar da ta fara. In wata ta wuce ta gabanta, duniya duk sai ta ji. Mu in mun ci, iska ce ke kwashewa.” Na ce ta kawo mini ƙyallen da zan gane ta da shi. Ta yago gefen ɗankwalinta. Washegari sauran shida suka zo, kowace da ƙyallenta. Na yanka igiya bakwai, na ɗaura wa kowace ƙyalle a ka. In an gama wasan yini, in naɗa jan zare, alamar nan wannan rana ta tsaya.

Malama ce ta zo ta ɓata mini lissafi. Ta ce ba duka ƙwallo ke daidai ba, akwai mai maki ɗaya, akwai mai biyu, wadda aka jefo daga bayan layin nesa kuwa uku ce. Na ce, “Ƙwallo ɗaya na ga ta shiga, ta yaya ta zama uku?” Ta ce, “Mama, karfasa kifi ɗaya ce, giwan ruwa ma kifi ɗaya ne. Nauyinsu ɗaya?” Na ce ta yi gaskiya. Daga ran nan ƙullina ya zama iri uku: ƙarami, mai ninki, da babba mai kamar ƙwallon goruba. Ita tana rubutawa a littafinta, ni ina ɗaurawa, in an tashi mu gwada. Sau ɗaya muka saɓa. Littafi ya ce sha huɗu, igiya ta ce sha shida. Muka kira yaran, suka ce ai lokacin da Malama ta juya tana korar awaki an jefa ɗaya. Tun daga nan in ta yi shakka sai ta ɗaga murya ta ce, “Mama, me igiya ta ce?”

Yanzu ku ji yadda abu ya girma. Shekarar farko raga biyu suka kai mu daga kaka zuwa kaka. Shekara ta biyu sau uku na sauya. Ta uku ban gama hutawa daga wannan ba sai a aiko waccan ta tsinke. Igiyoyi suka tashi daga bakwai suka cika ƙwarya, suka cika kwando. Awaki suka rasa wurin tsayawa, don iyaye mata sun fara zuwa da tabarminsu, mai awara ta kafa kaskonta, mai rake ya jingina kurarsa, masu Keke suna tsayawa a bakin katanga suna leƙe har fasinja ya yi fushi. Ranar da 'yan matan Kafin Hausa suka zo, Zalɓe ta sa na yi ƙulli goma sha tara tsakanin jan zare da jan zare. Ba wadda ta taɓa kai haka a filin nan. Duk ragar da ta tsinke kuwa nakan karɓe ta, in karanta ta, in ɗaure ta da 'yan'uwanta na shekararta, in rataye a buhu a jikin azara, yadda aka koya mini.

Sai shekarar ambaliya ta zo. Ruwa ya shigo unguwarmu da hantsi, yana tafiya a hankali kamar mai neman gidan wani. Kafin azahar ya kai gwiwa. Mutane na ɗaukar hatsi da katifa, ni na ɗauki allurata da buhu biyu, na igiyoyi da na matattun ragogi, ɗana yana cewa, “Inna, tsumma za ki ɗauka ki bar tukunya?” Gonaki suka nutse, ɗakuna suka zauna. Ɗakin Malama Saratu ma ya faɗi, littafinta na shekara huɗu ya kwana uku a ruwa, da aka tono shi ya zama kamar tuwon da ya kwana. Makaranta a kan tudu take, sai mutanen ƙauyuka suka sauka a ciki. A kan filin nan aka kafa murhu, a jikin turakun nan aka ɗaure igiyar shanya. Wata uku ba a buga ƙwallo ba, kuma ba wanda ya yi ƙorafi, don ba lokacinta ba ne.

Da ruwa ya janye, masu ɗan abin da ya tsira suka rasa inda za su shanya shinkafa, ƙasa duk laka. Sai aka ga siminti a shimfiɗe, sumul, a tudu. Aka fara zubawa. Daga nan magana ta tashi a kwamitin iyaye cewa a tuge turakun gaba ɗaya, mota ta riƙa shigowa, filin ya zama mashanya, masu shanya su riƙa ba makaranta shinkafa don abincin ɗalibai. Wanda ya kawo maganar shi ne shugaban kwamitin, Alhaji Sabo, mai sayen shinkafa. Ba mugun mutum ba ne, kuma maganarsa ba ta banza ba ce, don a shekarar nan tukunyar makaranta ba ta cika. Amma turke in an tuge shi, ba ya komawa. Aka sa ranar Asabar bayan azahar a yanke magana.

Ba a gayyace ni ba. Na sa buhunana a Keke na tafi, na zauna a baya cikin mata. Alhaji Sabo ya tashi ya ce, “Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yara nawa ne ke wannan tsalle-tsalle? Biyar? Shida? Don su za a hana ɗari cin abinci?”

Malama ta miƙe ta ce, “Alhaji, sun fi sittin. Kullum ƙaruwa suke.”

Ya ce, “Ina takarda?”

Ta ce, “Ruwa ya ci.”

Ya buɗe hannu ya ce, “To Malama, ba na ƙaryata ki. Amma ke aikinki ne, dole ki kare shi. Ruwa ya ci shaidarki, yunwa kuwa ga ta kowa na gani.” Maza suka gyaɗa kai. Na ga an kusa shafa fatiha.

Na yi sallama na nemi izini, na ja buhu ɗaya zuwa gaba na zazzage a kan tebur. Alhaji ya yi dariya ya ce, “Inna, taron iyaye ne fa, ba bakin kogi ba.” Na ce, “Na sani, Alhaji. A bakin kogi ai sai an ga kifi ake yanke magana.” Na ɗaga igiya ta farko na ce wannan Hauwa ce. Na ɗaga ta biyu na kira suna, na ɗaga ta uku. Ban kai ta goma ba wata mata ta yi tsalle daga baya ta ce, “La ilaha illallahu! Wannan ai zanen Sallar 'yata Ladidi ne! Ta ce mini ƙusa ce ta yage shi!” Ɗaki ya ɗauki dariya. Mata suka taso, kowace na tono ƙyallen gidanta. Wani dattijo ya riƙe igiyar jikarsa yana shafa ƙullin kamar carbi, yana tambaya wannan babban na mene ne. Aka ƙirga igiyoyi a gaban kowa, sittin da uku.

Alhaji Sabo ya bari hayaniya ta kwanta, ya ce, “Inna, ba raini ba. Amma ƙulli ko ni na iya. In mutum ya zauna kwana uku da zare, zai cika buhu.”

Na ce, “Gaskiyarka.” Na kwance buhu na biyu. Na shimfiɗa matattun ragogi a ƙasa layi-layi. Layin shekarar farko, biyu. Na biyu, shida. Na uku ya kai bakin ƙofa. Na huɗu sai da aka janye benci. Sannan na kira shi da sunan da na san shi da shi, na ce, “Sabo, ubanka da ubana kwalekwale ɗaya suka shiga shekara ashirin. Karatun da aka koya mini an koya maka. Zo ka karanta wa jama'a abin da ya kashe su.”

Ya dubi ragogin. Sannan ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna. Ya ɗauki ɗaya ya duba bakin zaren, ya ce, “Ba wuƙa ba ce.” Ya juya ta, ya ce, “Ba ɓera ba ne.” Ya kai hanci, ya ce, “Ba ruwa ba.” Ya murza zaren tsakanin yatsunsa, inda ya sirance ya yi sheƙi. Ya ajiye, ya ɗauki wata daga wani layi, ya ɗauki wata. Ya bi layin ƙarshe yana taɓa kowace. Ya ɗago ya ce, “Duk wannan a shekara ɗaya?”

Na ce, “Wata takwas. Ruwa ne ya katse mu.”

Ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya juya ga maza ya ce, “Aiki ne ya cinye su. Wannan ba a yin sa a kwana uku, ba a yin sa da hannu. Yara biyar ba sa cin raga haka.” Ya ƙara da cewa, “Na janye maganar turke. Amma shinkafa fa tana nan, Inna, raga ba za ta busar da ita ba.”

Nan aka zauna aka yi ta, har la'asar ta kusa. Abin da aka tsayar shi ne turaku su tsaya, mota kada ta hau siminti. A shanya shinkafa a kan tamfol daga safe zuwa azahar, a kwashe, yara su share su yi wasansu, har a zuba wani daɓen a bayan ɗakin girki. Kaka guda 'yan matan nan suka yi suna shara kafin su taɓa ƙwallo, ƙaiƙayi na cin ƙafafunsu, ba wadda ta fasa zuwa. Da rani aka zuba sabon daɓe, shinkafa ta koma gidanta.

Ni da Malama muka yi mako shida a gindin darbejiya, ina bin ƙulli da yatsa ina faɗa, tana rubutawa a sabon littafi, tana kuma sawa a waya. Shekara huɗu suka dawo daga igiya, ba rana ɗaya da ta ɓace. Da masu neman 'yan wasa suka zo daga Dutse, abin da aka kwafa ɗin nan aka nuna musu, suka gwada Zalɓe, suka tafi da ita. Yau ana aiko mini daga Kafin Hausa, ana aiko mini daga Kaugama, kowa raga biyu, kowa yana sauri. Akwai ta kanti, na gani, kyakkyawa mai launi uku, rana ɗaya ta Haɗeja take jira ta tsinke. Idona ya fara gajiya, aiki kuwa ya fi hannu biyu, shi ya sa da kuka ce a koya muku ban kore ku ba.

Littafi yana nan, waya tana nan, igiya ma ban ajiye ta ba. Makon jiya Ladidi, mai zanen Sallar nan, wadda ta fi kowa gajarta a fili, ta sa na yi ƙulli goma sha takwas a yammaci ɗaya. Ta zo ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu, ta ce, “Inna, sha tara ne. Gyangyaɗi kika yi.” Na ce, “Ranar da na yi gyangyaɗi a bakin aiki, uwarki ba ta yi haƙori ba.” Ta ce, “Son kai ne, don Zalɓe ta fara ba ki ƙyalle.” Na ce ta je ta tambayi raga. Ta ce Juma'a in zo da igiya mai tsawo. Na riga na ƙara mata kamu guda.

To ga allura, ga itacen awo, ga zare. Ku maƙala a yatsan ƙafa, ku fara da kunnuwa goma sha biyu. Zan zura yatsa a kowane ido, kuma zan kwance sau uku, kada wadda ta ɓata rai. Ragar da za a rataya ran Juma'a ni zan saƙa ta, taku sai bayan Salla in Allah ya kai mu. In kun kai layin ƙarshe, ku tsaya nan, ku yanke zare, ku bar ta a buɗe. Ni har yau in na kai wurin, sai na janye hannuna da ƙarfi.